Masu Rarake Gitar Don Neman Kiɗan Metal, Ku Dakata Muna Da Magana



Wani yayi ya shigo wa wasu samarinmu masu kaɗa gitar, kuma mun ga yin shiru a kansa zalunci ne. Yaro zai kalli bidiyon Metallica ko Slayer a waya, ya ji wannan ruri mai kama da injin fasa dutse, wanda Turawa ke kira metal, wato kiɗan ƙarfe. Abin ya shiga ransa. Daga nan sai ya yanke wa gitarsa hukunci: wai ba ta da ƙarfi, wai maganinta a tuge mikiro ukun da ta zo da su, a dasa mata baƙaƙen nan masu aiki da pil. Sai ya tara kuɗin biki huɗu ko biyar, ya ba mai zuwa Aljeriya ko Kano saƙo. Kaya na isowa a kira kafinta, ya zo da guduma da ƙarfen sassaƙa, a rarake cikin gitar kamar ana sassaƙa turmi. Bayan sati biyu gitar ba ta yi muryar Metallica ba, kuma ta daina yin tata. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Mu dai ra'ayinmu a fili yake. Wannan ɓarna ce, kuma masu zuga yaran nan, ko ƴan kasuwa ne ko malaman YouTube da ba su taɓa kaɗa biki a kan gurup ba, ba su kyauta ba. Za mu kawo dalilanmu ɗaya bayan ɗaya. Daga baya kuma mu faɗi yadda ake zaɓen mikiro idan canjin ya zama dole, domin wani lokaci yakan zama dolen.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Ba ma cikin masu cewa kiɗa mai nauyi ba namu ba ne, don haka yara su bar shi. Masu wannan magana sun manta cewa ita kanta gitar baƙuwa ce a ƙasar tende da imzad, kuma akwai lokacin da iyaye ke ganin mai riƙe ta a matsayin ɗan iska. Marigayi Abdallah Oumbadougou, Allah ya jiƙansa, a shekarun tawaye na 1990 a ɓoye kasetinsa ke yawo hannu zuwa hannu. Shi ne daga baya ya buɗe makarantar kiɗa a nan Arlit da wata a Agadez, ya rasu a Janairun 2020 yana uban gitar a ƙasar nan. Baƙon jiya ya zama ɗan gida. Can Lome ma akwai ƙungiyar Arka'n Asrafokor da ke haɗa metal da kiɗan gargajiyar Ewe, kuma ba wanda zai ji su ya ce ba ƴan Togo ba ne. Saboda haka ƙanenmu mai son ruri, so abinka. Faɗanmu da kai a kan hanyar da ka bi ne.

Bari mu fara da abin da ake tugewar, tunda da yawa suna sayensa ba su san aikinsa ba. Mikiron gitar, wanda masu jin Ingilishi ke kira pikop, ba ya jin murya irin yadda na mai waƙa ke ji. Maganaɗisu ne aka naɗe da zaren jan ƙarfe siriri kamar gashin kai, naɗi kusan 8,000 a irin na Stratocaster. Tsirkiyar ƙarfe tana rawa a samansa, sai ɗan kuran kaɗan ya taso cikin naɗin, ya bi waya ya shiga ampili. Iyakar sirrin kenan.

Iri uku ne a kasuwa. Na farko mai bobin ɗaya, irin wanda kamfanin Fender ya jera guda uku a jikin Stratocaster tun 1954. Muryarsa tas take, kowace tsirkiya ana jin ta daban. Aibinsa yana kwasar gurnanin kuran da ke kewaye da shi. Kuranmu volt 220 ne, yana kai da komowa sau 50 a kowane sakan, kuma shi ne wannan “zuuu” da kuke ji idan makaɗi ya ɗaga hannu. Na biyu mai bobin biyu, hambaka. Wani injiniyan kamfanin Gibson, Seth Lover, ya nemi rajistarsa a 1955, aka sa shi a gitar Les Paul a 1957. An jera bobin biyun a juye, ta yadda gurnanin ɗaya ke kashe na ɗayan, sautin tsirkiya kuma ya haɗu ya yi kauri. A 1972 Larry DiMarzio ya fito da Super Distortion, hambaka mai ƙarin naɗi da ke tura ampili da ƙarfi. Na uku shi ne mai pil, wanda kamfanin EMG na Kaliforniya, da Rob Turner ya kafa a 1976, ya yi suna da shi. A cikinsa akwai ɗan ƙaramin ampili da ke cin pil mai volt 9. Shi ne James Hetfield da Kirk Hammett na Metallica suka daɗe suna amfani da shi, kuma shi ne samarinmu ke mafarki.

To, malaman YouTube sun ce ba a metal sai da hambaka ko mai pil. Mu tambayi tarihi.

Kusan kowa ya yarda cewa Black Sabbath ne suka aza harsashin wannan kiɗa, da faifansu na farko da ya fito a Fabrairun 1970. Makaɗinsu Tony Iommi ɗan Birmingham ne a Ingila, garin masana'antu, garin hayaƙi da ƙarar inji, garin da mutumin Arlit zai gane ba sai an yi masa bayani ba. Lebura ne a masana'antar ƙarfe. Yana da shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun da yake danna tsirkiya da shi. Sai ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun hula, ya sa tsirkiya sirara don kada su yi masa ciwo, daga baya ya sassauta ɗaurinsu murya ta yi ƙasa. Nauyin da duniya ke kira metal daga wannan lalura ya fito. Da wace gitar? Ana cikin ɗaukar faifan farko mikiron Stratocaster ɗinsa ya mutu, ya ɗauko Gibson SG da ya ajiye a gefe. Mikiron da ke jikinta P-90 ne, mai bobin ɗaya. Ku sake karantawa: mai bobin ɗaya. Ba pil, ba hambaka. Uban gidan metal bai san da dokar da ake kafa wa ƙannenmu ba.

Mu dawo gida. Mahamadou Souleymane, Mdou Moctar, a nan Arlit ya yi ƙuruciyarsa. Gitarsa ta farko shi ya ƙera abarsa, da katako da wayar birkin keke, bayan ya ga wasan Abdallah. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, ya yaɗu daga waya zuwa waya a faɗin Sahel. Yau wanda ya saurari Afrique Victime na 2021 ko Funeral for Justice na 2024 ya san abin da ake kira ruri. Turawan da suka girma da Jimi Hendrix da Van Halen suna cika fili don su ji shi. Ku dubi hotunansa: Stratocaster ce a hannunsa, ta bahago, kamar yadda Iommi ma bahago ne. Irin surar gitar da ƙanenmu ke cewa ba ta da ƙarfi kenan. Ga Bombino, wanda faifansa Deran ya shiga takarar Grammy a 2019, ɗan Nijar na farko da ya kai wannan matsayi. Ga Etran de l'Aïr na unguwar Abalane a Agadez, makaɗan biki tun 1995, da suka fara da gitar ɗaya da ƙwarya a cikin ruwa. Duniya ta zo neman muryar gidanmu, mu kuma muna biyan kafinta ya haƙe ta. Kai jama'a!

Daga ina nauyin yake zuwa, in ba daga mikiro ba? Daga hannun dama da ke danne tsirkiya kusa da jaki, inda suke zaune, har sautin ya riƙa fita guntu-guntu. Daga sassauta ɗauri da sa tsirkiya masu kauri. Daga pedal. Sannan, wanda ya fi komai, daga ampili da lasifika. Abin da kake ji a bidiyon nan ya bi ta ampili mai wat 100 da akwati mai lasifika huɗu, kowace inci 12. A situdiyo an kaɗa layi ɗaya sau biyu ko sau huɗu an ɗora wani kan wani, ga bas a ƙasa, ga mai ganga yana taka ƙafa biyu. Kai kuwa ampilinka wat 15 ne, lasifika ɗaya inci 8, ita ma ta sha ƙura har ta tsage a gefe. Wallahi ko Hetfield ya ba ka gitarsa kyauta ka soka a wannan ampili, kukan ƙuda a gwangwani za ka ji. Mikiro yana canja launin murya, gaskiya ne. Amma a jerin abubuwan da ke kawo nauyi, yana can wajen ƙarshe. Mai sayarwa ba zai faɗa maka haka ba, domin mikiro ne a jakarsa.

Yanzu abin da ake asara. Salon gitar ɗinmu ya ginu a kan abu biyu: babban yatsa yana riƙe da tsirkiyar ƙasa tana amo ba tsayawa, sauran yatsu kuma suna gudu a sama, suna bugawa suna fizgewa da sauri, irin kaɗawar imzad da takamba. Wannan yana buƙatar mikiron da ke raba sauti, mai amsa taɓawa a hankali daban, taɓawa da ƙarfi daban. Duk lokacin da aka ƙara naɗi don neman ƙarfi, kaifin sama yana raguwa, tsakiya ta cika. Mai pil irin EMG 81 kuma yana matse sauti, mai taushi da mai ƙarfi su kusanci juna. Wannan alheri ne ga mai kaɗa Slayer. Ga mai kaɗa biki a Akokan kuwa, adon yatsunsa ne ke dunƙulewa ya zama dambu. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya: wa ke biyan makaɗi a garin nan? Uwar amarya ce da abokan ango. Ba mu da gidan wasan metal a Arlit, ba mu da shi a Agadez. Gitar da ke ciyar da kai ranar Asabar ita ce kake yanka don sha'awar daren Talata.

Sannan gitar a wurinmu ba ta mutum ɗaya ba ce. Wa ya mallaka, ƙani ya ara, abokin ƙani ya koya a kanta, wata ƙungiya ta yi haya idan tasu ta lalace. Daga nan zuwa Agadez kilomita kusan 240 ne a kan hanyar da kowa ya san halinta, kuma ko can ɗin ba kowace rana ake samun mai kyau ba. Wanda ya rarake gitar ɗaya ya taɓa abincin mutum biyar. Katakon da aka sassaƙe kuwa ba ya tsirowa. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya.

Mu zo kan mai pil ɗin kansa, a ƙasarmu, da zafinmu. Sa shi ba cire wannan a sa wancan ba ne kawai. Abin murɗa murya na gitar mai bobin ɗaya yawanci 250k ne, na hambaka 500k, na EMG mai pil kuma 25k. Ke nan sai an canja su duka. Ramin da ake soka waya ma sai an canja shi da mai ƙafa uku, domin shi ne makunnin pil: da ka soka waya pil ya fara ci, ko kana kaɗawa ko ba ka kaɗawa. Kamfanin ya ce pil mai kyau yana kai awa dubbai, kuma gaskiya ne. Amma wa ke zare waya a gidajenmu? Gitar na jingine a bango da wayarta sati guda. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, wanda ke tsotse pil ko ba a amfani da shi, wani ma ya fashe ya zubar da ruwansa a kan wayoyi. A Stratocaster babu ɗakin pil, don haka ƙarƙashin farantin gaba ake cusa shi. Ranar da ya mutu ana tsakiyar biki, sai ka kwance sukurori wajen goma sha ɗaya, mata na tsaye da guɗa a baki suna jiranka. Sannan ka tashi yaro ya zaga gari da dare neman pil mai volt 9 na gaske. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Za a ce mana: “To ku da kuke magana, kun san gurnanin da gurup ke sa wa gitar? Mutum ya taka distoshin abu ya riƙa kuka kamar an yanka akuya, mi kuke so ya yi?” Wannan ƙorafi gaskiya ne, ba mu raina shi ba. Distoshin yana ninka duk abin da ya shigo masa, har da gurnani, kuma mai bobin ɗaya ya fi kowa kwasowa. A nan hambaka yana da rana, mai pil ma haka. Har akwai wata fa'idar mai pil da masu tallansa ba su cika sani ba: ba ya buƙatar a haɗa tsirkiya da wayar ƙasa, don haka yana rage haɗarin kuran ya bi ta hannun makaɗi. Wannan ba wasa ba ne. A 1972 Leslie Harvey, makaɗin ƙungiyar Stone the Crows, ya mutu a kan dandamali a Swansea da kuran ya kama shi ta makirufon da ba a haɗa da ƙasa ba. Duk wanda makirufo ya taɓa cizon leɓensa a wurin biki ya san abin da muke nufi.

Amma ku lura da inda cutar take. Gurup ne da ba a kafa masa ƙarfe a ƙasa ba. Rallonji ne mai ƙafa biyu da aka ɗaure da leda. Wayar gitar ce ta araha da ba ta da rigar kariya. Cajar waya ce da fitilun ado a soke wuri ɗaya da ampili. Idan ka sa mai pil ka bar waɗannan, ka ceci hannunka ka bar bakin mai waƙa da hannun mai bas a cikin haɗari. Gyaran wuta ya fi gyaran mikiro araha, kuma yana kare kowa da kowa.

Sai maganar jabu, wadda ita ce ta fi ba mu haushi. EMG 81 na gaske guda ɗaya a Amurka yana kusan dalar Amurka 100, wato sama da jika 50 na kuɗinmu, kafin kuɗin hanya da ribar mai kawowa. Idan wani ya miƙo maka biyu a leda da kuɗin da bai kai rabin haka ba, ya ce “orijinal ne, daga Dubai”, to roba ka saya da tambari. Araha ba ta ado. Gwajin ba wuya: 81 na gaske yana da ƙafafu uku a bayansa kuma dole ya sha pil. Wanda ya yi kuka ba pil, ba 81 ba ne. EMG suna da marasa pil, amma HZ ne sunansu, kuma a rubuce yake. Ga hambaka marar pil, je wurin mai gyaran rediyo ya sa masa miltimetir. Seymour Duncan JB yana nuna kusan 16k, Super Distortion 13k da ɗoriya, tsohon salon Gibson 7k zuwa 8k da wani abu, mai bobin ɗaya na Stratocaster wajen 6k. A zafinmu lambar takan ɗan hau kaɗan, domin jan ƙarfe haka yake. Amma idan an ce maka JB ne mita ta nuna 8k, mayar masa da kayansa. Kuma kada ka ɗauka babbar lamba ita ce kyau. Lambar tsawon waya da sirantarta take faɗa, ba daɗin murya ba.

Me ya sa muke ɗaga murya a kan abin da wani zai ce ƙaramin abu ne? Domin kuɗi a garin nan ba kamar da ba ne. Arlit da aka taɓa kira ƙaramar Paris ta ga ranar 31 ga Maris 2021, ranar da COMINAK ta rufe, ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki banda na ƴan kwangila. Kowane albashi da ya tsaya, biki ne ya ragu, liƙi ne ya ragu. Jika 50 a gidan makaɗi buhun abinci ne da kuɗin makarantar ƙanne. Tun 1971 ake fitar da uraniyom daga ƙasar nan, kuma mun daɗe da sabon cewa namu ɗanye ne, mai daraja sai wanda ya zo a kwali daga waje. A 2025 gwamnati ta mayar da SOMAIR hannun ƙasa, kowa yana maganar mu riƙe abinmu. To ga abu ɗaya da muka sarrafa da kanmu tun daga tushe har ya kai kasuwar duniya, ba wanda ya haƙa mana, ba wanda ya tace mana: muryar gitar ɗinmu. A nan ne kuma za mu ce na kwali ya fi?

Yanzu ga wanda ya ce ya ji, amma har yanzu yana son nauyi. Madalla. Ga tsarin da muke ba da shawara, kuma a bi shi a jere.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Sa sababbin tsirkiya, domin tsohuwa mai tsatsa ba mikiron da zai tashe ta. Danna tsirkiya a gaɓar ƙarshe ka duba tsakaninta da mikiro: wajen milimita 2 ake so. In ya yi nisa murya ta yi rauni, in ya matso da yawa maganaɗisu ya riƙa jan tsirkiya sauti ya karkace. Sukurori biyu ne ke wannan aiki. Busa ƙurar da ta shiga makunni da abin murɗawa, yawancin ƙarar “ƙarr-ƙarr” daga nan take. Sannan gwada matsayi na 2 da na 4 a makunnin Stratocaster. A yawancin na zamani an naɗa mikiron tsakiya a juye, don haka a waɗannan matsayi biyu gurnani yana mutuwa kamar a hambaka. Da yawa suna da maganin a hannu ba su sani ba.

Na biyu, waya mai kyau da gyaran wutar wurin wasa. A shimfiɗa takardar alminiyom ko ta jan ƙarfe a cikin ramin gitar da bayan faranti, a haɗa ta da wayar ƙasa, tana rage tsuwa da ƙarar da fitilu ke jawowa. A nan muna da gargaɗi na musamman ga ƴan garinmu: sabuwa za a saya, kada a je tsintar ƙarfe ko waya daga tarkacen ma'adinai. Tun 2003 masu binciken CRIIRAD na Faransa suka gano ƙarafa masu guba a kasuwar garin nan, Greenpeace ta sake samun irinsu a 2009, kuma ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen ta shekara da shekaru tana faɗakarwa. Gitar a ƙirji ake rungume ta.

Na uku, idan akwai kuɗi, pedal da lasifika kafin mikiro. Boss DS-1 yana kasuwa tun 1978, Metal Zone tun 1991, kuma akwai pedal mai rufe bakin gurnani idan ka daina kaɗawa. Pedal kana taka shi ya zo, ka sake takawa ya tafi, gitar ta koma ta biki. Ka gaji da shi ka sayar. Ramin kafinta fa, wa zai saya?

Na huɗu, in duk an yi wannan kuma kunne bai ƙoshi ba, a canja mikiro ɗaya tak, na kusa da jaki, domin shi ne ke aikin metal. Na wuya da na tsakiya a bar su, su ne muryar gida. Kuma ba sai an sassaƙa ba. Akwai hambaka da aka ƙera daidai girman ramin mai bobin ɗaya, irin Hot Rails na Seymour Duncan, wanda Dave Murray na Iron Maiden ke sawa a Stratocaster ɗinsa. Yana shiga da sukurori biyu da ɗan liƙin dalma. Wanda ke son cikakken hambaka ya fara ɗaga faranti ya leƙa, domin gitar da yawa na yanzu sun zo da rami mai faɗi tun daga masana'anta. In haka ne, faranti na biyu kawai zai nema, ya ajiye na asali da mikironsa a leda. A nemi mai wayoyi huɗu, wanda za a iya kashe bobin ɗaya da makunni idan an koma kiɗan biki. A duba faɗin tsirkiya ya dace da ƙusoshin mikiron, domin jakin Fender ya ɗan fi na Gibson faɗi. A tabbata an jiƙa shi da kaki tun daga masana'anta, in ba haka ba zai riƙa tsuwa da an ƙara murya. Eddie Van Halen da kansa haka ya yi: ya ɗauki hambakan Gibson guda ɗaya, ya tsoma a narkakken kaki, ya dasa a gangar gitar mai surar Stratocaster. Guda ɗaya, kuma ba pil.

Mai pil kuwa, mun yarda da shi ga mutum ɗaya: wanda ke da gitar biyu, ɗaya ta neman abinci ɗaya ta sha'awa, da ampilin da zai iya ɗaukar abin, da tabbacin kayan na gaske ne. In kana cikinsu, Allah ya sanya albarka. In ba ka ciki, kada wani ya sa ka jin kunya.

Maganarmu ta ƙarshe ga iyayenmu da yayyenmu da suka yi aikin lantarki a ma'adinai. Akwai mutane a Akokan da Arlit da suka shekara ashirin, talatin, suna naɗa bobin ɗin manyan injuna, suna karanta zanen wayoyi, suna kafa wayar ƙasa inda kuskure ɗaya ke kashe mutum. Baba, wanda ya naɗa moto, mikiron gitar wasan yara ne a hannunsa: maganaɗisu shida, zaren jan ƙarfe da haƙuri. Yaran nan kafinta suke kai wa gitar domin ba su san ƙofarku a buɗe take ba. Ku kira su. Ku nuna musu riƙon ƙarfen dalma da karatun miltimetir, ku duba musu gurup kafin biki. Mikiron da ya mutu a sake naɗa shi a nan, a daidaita shi da kunnenmu, mai son kaifi a rage masa naɗi, mai son nauyi a ƙara masa. Sana'a ce da makaɗan Agadez, Ingal, Iferwan da Tawa za su zo nema, kuma ba ta buƙatar izinin kowa.

Ku kuma samari, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ku yi rurinku har duwatsun Abzin su amsa, amma ku bar wa ƙannenku gitar da rai. Masu kawo kaya, ku ji tsoron Allah, ku kira jabu da sunansa. Wanda ke ganin mun yi kuskure ya zo da gitarsa da ampilinsa, mu zo da tamu, a soka a gurup ɗaya, jama'a su saurara. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Allah ya ba garinmu lafiya da zaman lafiya, ya sa albarka a hannun masu sana'a. Amin.